Mai ƙaga labari a kan mutanen da, maƙaryaci ne?

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya, maza da mata, ga wata tambaya da ya kamata mu zauna mu duba tare. Mutum ya ɗauki alƙalami. Ya ɗauko sunan wani wanda ya taɓa zama a duniya, ya mutu tun da daɗewa. Ya sa masa magana a baki, ya ɗora masa aikin da ba wanda ya ga ya yi. An buga littafin, an sayar, mutane sun karanta sun ji daɗi. To, wannan marubuci maƙaryaci ne, ko mai hikima? Mamacin nan kuma, yana da hakki a kansa, ko ba shi da shi?

Tambayar ta shafe mu ƙwarai, mu da karatu ya zo mana da girmanmu. Da, magana ta kunne take shigo mana, mun kuwa san yadda ake auna ta. Mukan dubi bakin da ta fito. In dillali ya yaba saniya a kasuwar Filinge, mukan buɗe bakinta mu duba haƙora da kanmu. Amma takarda ba ta da fuska. Sabon mai karatu yakan ji nauyinta, ya ce: "Ai a rubuce yake." Daga nan sai ya yi shiru. Wannan kunya da muke yi wa takarda ita nake so mu taɓa yau.

Tatsuniya, tarihi, da na ukunsu

Kakanninmu sun raba magana gida biyu. Akwai tatsuniya, akwai labarin gaske. Tatsuniya da dare ake yin ta. Tsohuwa ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yara su amsa. Tun daga nan kowa ya san Gizo da Ƙoƙi za su shigo, kura za ta yi magana. Ba wanda zai tashi da safe ya tafi neman gidan Gizo. Mai tatsuniya ba ta ruɗi kowa ba, gama ta sanar tun da fari. Labarin gaske kuwa na dattawa ne da makaɗan sarauta: wane ya haifi wane, wa ya gina rijiyar gari, wace shekara aka yi yunwa. In mai ba da shi ya karkata, akwai tsoho a gefe da zai ce masa: "A'a, ba haka aka yi ba."

Da boko ya zo, sai ya zo da na uku, wato ƙagaggen labari. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, mai kula da aikin fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Malamai da yawa sun ga abin baƙo ne, don a wurinsu alƙalami na ilimi ne, ƙage kuwa na hirar dare ne. Duk da haka gasar ta haifi littattafan da ake karantawa har yau: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ku dubi Shaihu Umar. Ba a taɓa haihuwar wannan Umaru ba. Amma harin bayi an yi shi, ayari ya ƙetare hamada da ƴaƴan mutane, uwaye sun yi kuka. Mutumin na ƙage ne, zamanin na gaske ne. Wannan bai ɓata sunan kowa ba. Wuyar tana farawa ne in aka juya abin, aka ɗauko mutumin gaske aka ba shi aikin ƙage. Bari in kawo misali biyu, guda daga nesa, guda daga maƙwabta.

Shari'ar wani manomi a birnin Roma

Roma birni ne a ƙasar Italiya ta yanzu. Mutanensa na da su ne Rumawa. A zamanin ƙarfinsu sun mallaki ƙasashe da yawa, har da Masar da bakin tekun arewacin Afirka. Shekara 80 kafin haihuwar Annabi Isa aka yi wata shari'a a birnin nan, wadda labarinta bai ɓace ba.

Akwai wani tsoho mai arziki, mai gonaki 13 a wani gari da ake kira Ameriya. Wata rana da dare, yana komowa daga cin abinci a gidan mutane, aka kashe shi a kan hanya cikin Roma. Ɗansa, mai suna Rosiyus, manomi ne, ya kai wajen shekara 40, yana zaune ƙauye yana lura da gonakin. A daren nan wani ya yi ta gudu da keken doki, ya kai labari Ameriya da asuba. Amma bai je wurin ɗan ba. Ya je wurin wani dangin mamacin, wanda ba su ga maciji da juna.

A lokacin wani mayaƙi mai suna Sulla ke riƙe da mulki, da ƙarfin takobi ya same shi. Yana da takardar sunayen abokan gaba. Duk wanda sunansa ya shiga, jininsa ya halatta, a kuma ƙwace dukiyarsa. Sai aka cusa sunan tsohon nan cikin takardar bayan ya riga ya mutu. Wani bawa da Sulla ya ƴanta, mai suna Kirisogonus, ya saye dukiyar. Ta kai miliyan 6 na kuɗinsu, ya biya 2,000 kaɗai. Kamar ka sayi tumaki 3,000 ne da kuɗin tunkiya guda. Dangin nan ya sami gonaki 3 a ciki. Daga baya aka kai ƙarar ɗan, aka ce shi ya sa aka kashe ubansa. Hukuncin mai kashe uba a wurin Rumawa shi ne a ɗinke shi cikin buhun fata a jefa a ruwa.

Manyan masu magana na birni suka ja da baya, don tsoron mutanen Sulla. Sai wani saurayi ɗan shekara 26, mai suna Sisero, ya tsaya masa a gaban alƙalai. Ya roƙe su su duba wa ya ci ribar mutuwar nan: ɗan da ya rasa kome, ko masu cin gonakin? Ya kuma tambayi dalilin da ya sa aka hana a tambayi bayi biyu da ke tare da tsohon a daren. Aka sallami Rosiyus.

Ku riƙe abu guda a nan. Kusan duk wannan labari daga jawabin Sisero aka same shi, don shi ne aka rubuta aka ajiye. Jawabin masu ƙara ya ɓace.

A 1991 wani marubuci ɗan Amurka, Steven Saylor, ya ɗauki shari'ar nan ya yi ƙagaggen labari da ita. Sunan littafin Roman Blood, wato jinin Rumawa. Irin labarin nan ne da ake kira labarin bincike: an kashe mutum tun farko, mai karatu yana biye da mai bincike kamar yadda ake bin mai bin sawu in an sace raƙumi. Marubucin ya ƙago mai binciken, ya sa masa suna Gordiyanus, ya ce Sisero ne ya ɗauke shi aiki. Yawancin sauran manyan mutanen littafin na gaske ne. A ƙarshe, bayan alƙalai sun sallami Rosiyus, sai littafin ya nuna ashe da hannunsa cikin kisan ubansa. Har ya ɗora masa wani abin kunya cikin gidansa.

Alƙalan zamaninsa sun wanke shi. Bayan shekara fiye da 2,000, alƙalami ya sāke kama shi.

Abin da masu karatu suke cewa

Ra'ayin masu karanta irin wannan littafi yakan kasu uku.

Na farko suna cewa: "Mu daɗi muke nema. Labari ya riƙe mu har tsakar dare, ƙarshensa ya ba mu mamaki, shi ke nan. Wa ya damu da wani Rosiyus da ƙasa ta daɗe da cinyewa?" Suna da ɗan gaskiya. Mutumin da ya wuni a gona yana da hakkin ya huta da labari mai daɗi. Amma daɗi kaɗai ba ma'auni ba ne. Gulma ma tana da daɗi a bakin rijiya.

Na biyu suna cewa: "Wannan ƙazafi ne. Mutum ya mutu, ba ya iya kare kansa. Da yana da rai, da ya kai marubucin ƙara." Su ma suna da gaskiya, mai nauyi kuwa. Amma in aka bi maganarsu har iyakarta, ba wanda zai ƙara ba da labarin mutanen da, sai jerin sunaye da shekaru. Yaro ba ya son kakansa don jerin shekaru. Yana son shi don an ba shi labarinsa da rai.

Na uku suna cewa: "Ta ƙofar ƙage muka shiga gidan gaskiya. Da ba mu san Roma ba. Yanzu mun ga yadda bayi suke zaune, mun ga yadda na kusa da mai mulki ke cin gonar talaka da takarda. Kuma tun da bakin gefe guda kaɗai aka ji, wa ya tabbata Rosiyus ba shi da laifi?" Lalle waɗansu masana tarihi ma sun yi shakkar wankewar da Sisero ya yi masa. Marubucin bai tsinci zarginsa a iska ba. Amma shakka daban, tabbaci daban. Masani ya ce "wataƙila". Littafin labari kuwa ya nuna maka abin kamar a gabanka aka yi.

Kafin mu yanke, mu dawo gida.

Sarauniyar Lugu

Gabas da mu, a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, akwai garin Lugu. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tabkin Cadi. Shugabanninta su ne Voulet da Chanoine. Sun yi ta ƙone garuruwa, suna kashe mutane, suna kama bayi, tun daga Sansane Hausa a watan Janairu har Birnin Ƙonni a watan Mayu. A watan Afrilu suka iso Lugu. Mutanen Lugu, ƙarƙashin Sarauniya Mangu, suka ƙi miƙa wuya. Aka yi faɗa mai tsanani, baka da kibiya gaban bindiga. Rundunar ta yi hasarar sojoji, ta ƙone garin, mutane suka shige kurmi, daga baya suka komo. Wannan duka ya faru.

Ƙarshen rundunar ma an san shi. Gwamnatin Faransa ta aiko wani hafsa mai suna Klobb ya binciki ɓarnar. Ya bi sawunsu ta garuruwan da suka ƙone. Ran 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi.

To, me aka sani game da ita Sarauniya? Labarinta ya zo mana ta baki uku. Na farko takardun Faransawa ne. Kaɗan suka faɗa a kanta, kuma wani hafsan rundunar, Joalland, ya kira ta tsohuwar matsafiya. A rubuce yake, amma bakin abokin gaba ne. Na biyu mutanen Lugu ne. A wurinsu Sarauniya sarauta ce ta addinin Azna, ana gadonta, mai riƙe da ita tana zaune cikin ɗakinta, ƙarfinta na roƙo ne da asiri. Na uku shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan ƙasarmu, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ya rasu a 1993. A 1980 ya fitar da littafinsa Sarraounia da harshen Faransanci. A cikinsa Sarauniya mace ce mai ƙuruciya, jaruma, wadda aka koya wa harbi da dabarun yaƙi tun tana ƙarama. Ya ƙago mata mai reno, ya ƙago mata jawabai. A 1986 Med Hondo ya mai da littafin silima, ta kuma ci babbar kyautar gasar silima ta Wagadugu a 1987.

A nan ma ra'ayi ya rabu. Waɗansu suna cewa Mamani ya yi aikin alheri. Ya tono sunan da ya kusa shiga mantuwa a wajen Arewa, ya nuna wa ƴan lakkwal cewa akwai waɗanda suka tsaya, mace ce ma a gabansu. Yau an san sunanta har ƙasashen waje. Waɗansu suna cewa Sarauniyar littafi ta rufe ta gaske. Yaro ya gama karatu yana ganin mace da kwari da baka, in ya je Lugu aka ba shi labarin mai zama cikin ɗaki, sai ya ga kamar tsofaffin ne suka yi kuskure. Akwai kuma abu na uku. Don haskenta ya fito sosai, labarin ya bar waɗansu sarakunan maƙwabta cikin duhu, kamar matsorata ko masu haɗa baki da baƙo. Su ma suna da jikoki.

Ina iyakar take?

Ga yadda nake ganin abin. Ƙarin da marubuci ke yi wa tarihi iri uku ne, nauyinsu ba ɗaya ba.

Na farko cike gurbi ne. Tarihi ya ce an yi yaƙi, bai faɗi abin da aka ci da safe ba, bai faɗi hirar da aka yi a zaure ba. Marubuci ya cike waɗannan da abin da ya dace da zamanin. Kamar yaɓe ne a jikin rumbu: rumbun yana nan yadda yake, an toshe tsaga kawai. Ba laifi a nan, sai fa in ya sa wa mutanen da abin da ba a yi ba a zamaninsu.

Na biyu ƙarin girma ne. Wannan aikin maroƙa ne tun da, mun saba da shi. Amma in maroƙi yana yabo, muna ganin kalangunsa, mun san sana'arsa. Littafi ba ya rataye da kalangu. Yabon da ya wuce kima yana da hasara biyu: yana shafe kamannin mutumin na gaske, yana kuma rage waɗanda ke kewaye da shi.

Na uku ɗora laifi ne. Wannan shi ne mai nauyi. Mamaci ba shi da baki, wanda ba shi da baki kuwa shi ya fi cancanta a kiyaye masa hakki, kamar dukiyar maraya. Marubucin da zai ce wane ya kashe, wane ya ci amana, sai ya zama yana da dalili daga abin da aka sani, ya kuma faɗa wa mai karatu a fili cewa nan zatonsa ne.

Nisa ma yana da nasa hukunci. Ba wanda za a hana wa mata yau don an ce kakansa Rosiyus ya kashe uba. Amma labarin 1899 jiya ne. Jikokin waɗanda aka ambata suna cin kasuwa guda, suna neman aure a gidajen juna, suna neman sarauta, suna gardamar iyakar gona. Magana guda cikin littafi tana iya zama gori har ƴaƴa da jikoki. Gwargwadon kusancin zamani, gwargwadon nauyin amanar.

To, maƙaryata ne? A ganina a'a. Saylor da Mamani duka sun sa wa littattafansu alama cewa ƙagaggun labarai ne. Wannan ita ce tasu "ga ta nan ga ta nanku". Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don a ɗauka haka ne. Wanda ya sanar cewa ƙage yake yi bai ruɗe ka ba, ko da ana iya ce masa ya yi wa mamaci nauyin hannu.

Amma ku lura da inda ƙaryar take haihuwa. Ƙagaggen labari kamar raƙumi ne mai shaida a wuya. Muddin shaidar tana nan, kowa ya san na wane ne. Mai karatu ya rufe littafi, ya tafi dandali ya ce: "Ashe Rosiyus shi ya kashe ubansa", ko "ashe sarkin gari kaza matsoraci ne, na gani a littafi". Ya goge shaidar ke nan. Na biyu ya ɗauka ya kai wa na uku. Kafin shekara ta kewayo, ƙage ya zama tarihi. Ƙaryar a bakin mai karatu aka haife ta. Saboda haka amanar ta mutum biyu ce, mai rubutu da mai karatu.

In abin ya zo Kurfai

Kada ku ce wannan zancen mutanen birni ne. Ƙasarmu cike take da labaran da ke jiran alƙalami. Akwai zaman yaƙi da sulhu tsakanin Kurfayawa da maƙwabtansu Buzaye kafin zuwan Nasara. Akwai Mayaƙi Gado Namalaya, wanda ya riƙe sarautar Kurfai a farkon zamanin Faransawa. Akwai Shibo, matar nan ta Cikal, wadda a wajenta iskokin da ake kira Hauka ko Babule suka fara bayyana a 1925, masu kwaikwayon sojoji da kwamandoji, har kwamanda Crocicchia ya sa aka kulle mabiyanta a Yamai. Baƙi sun rubuta a kan waɗannan abubuwa da harshensu.

Wata rana ɗaya daga cikin ƴaƴanmu zai zauna ya rubuta labari a kansu. Ya kamata ma ya rubuta. Zai so ya shiga zuciyar Mayaƙi a daren da ya ji Nasara sun kusa: me ya auna, me ya ji tsoro, wa ya ba shi shawara? Zai so ya shiga zuciyar Shibo a gaban kwamanda. Ba wanda ya rubuta waɗannan a lokacin, dole ya ƙaga. Ba za mu hana shi ba. Amma za mu roƙe shi abu uku. Ya fara zama gaban tsofaffi na kowane gefe kafin ya ɗauki alƙalami. In yana bukatar mugu cikin labarinsa, ya ƙago shi da sunan da ba na kowa ba, kamar yadda aka ƙago Umaru da Gordiyanus. A ƙarshen littafin kuma ya ƙara ƴar takarda ya ce: ga abin da na ji, ga abin da na karanta, ga abin da na ƙara. Marubuta da yawa na irin waɗannan littattafai suna yin haka, ba ya kuwa rage daɗin labari.

Aikin da ya rage gare mu

Mu masu karatu, in littafi ya shigo hannunmu, mu yi masa tambayoyin da alƙali nagari ke yi.

Ta farko: wane irin littafi ne? Mu duba bangonsa. In na Hausa ne, ko an ce ƙagaggen labari? In na Faransanci ne wani ke fassara mana, mu tambaye shi ko an rubuta "roman" a kai, don kalmar nan ita ce shaidar ƙage.

Ta biyu: wa ya rubuta, a wane gefe yake tsaye? Tambayar Sisero tana aiki a kan littafi kamar yadda take aiki a kan kisa: wa zai ci riba in na yarda da wannan? Shi kansa Sisero ba ya kuɓuta daga tambayar, gama mai kare wanda ake ƙara ne, ba mai shaida ba. Joalland ma haka, Mamani ma haka.

Ta uku: bakin wa ba a ji ba? A Roma, na masu ƙara da na bayin nan biyu. A takardun Faransawa, na mutanen Lugu. Alƙalin da ya yanke shari'a da bakin mutum guda ya yi zalunci, ko da hukuncinsa ya faɗa daidai.

Ta huɗu ba tambaya ba ce, ladabi ne. In za mu kai labari gaba, mu kai shi da shaidarsa. Mu ce "a cikin wani ƙagaggen labari an ce", kamar yadda muke cewa "a tatsuniya".

Akwai kuma aikin da ba mai yi mana. Cikin kowane gari, daga Filinge zuwa Cikal zuwa Abala, akwai tsoho ko tsohuwa da suka ji labari daga bakin waɗanda suka gani da ido. Yanzu hannunmu ya iya rubutu. Mu sami littafin rubutu guda, mu zauna gabansu bayan an gama aikin gona. Mu rubuta sunan mai magana, da garinsa, da ranar, da wanda ya ji labarin a wurinsa. In tsofaffi biyu suka saɓa, mu rubuta duka biyun, kada mu zaɓa. In mun gama mu karanta musu, su gyara. Marubucin gobe zai sami abin dogara, jikan wanda aka yi wa ƙazafi kuma zai sami abin da zai nuna.

Ku karanta wannan a ajinku, ku tattauna. Wane ra'ayi cikin ukun nan ya fi kusa da naku? In an yi wa kakanku ƙarin girman da bai yi ba, za ku gyara ko za ku yi shiru? In maƙwabcinku aka rage don a ɗaukaka naku fa? Ku rubuto amsarku da hannunku, ko layi biyar ne. Muna jira.